Zauren 'Yan Mata: Kada Ki Yi Wa Cokalin Kaka Kallon Tsohon Ƙarfe

Yau na ɗan ajiye hirar soyayya, don abin da ya faru a gidanmu ya isa darasi.

Bikin 'yar ƙanen babana ya matso, sai muka taso daga Gaya muka tafi Ajingi gaida kakarmu. Tsohuwa ta kwance wani ƙullin tsumma ta miƙa wa amarya, ta ce, "Ungo kishiya, iyakar abin da nake da shi ke nan." Cokali ne guda ɗaya da munduwa, duk sun yi baƙi ƙirin. Wai cokalin kakanmu ne ya samo shi lokacin da yake aikin kuku a gidan wani Bature a Kano. Amarya ta karɓa tana yatsina. Kwana biyu sai ga dillaliya: "Amarya, kawo tarkacen nan in ba ki saitin kwanukan silba." Wallahi saura ƙiris ta miƙa. Ni kuwa naci irin na matar nan ne ya ba ni tsoro, don banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku fara sanin wannan: silbar da muke jerawa a kabat daban, azurfa daban. Azurfa idan ta daɗe a ajiye baƙi take yi, ana gogewa ta dawo fes.

Da muka goge bayan mariƙin cokalin, sai ga 'yan tambura huɗu a jere, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Na farko zaki ne yana tafiya, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Wannan shaidar Ingila ce cewa a cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce. Na biyu anka ce, ƙugiyar nan ta tsayar da jirgin ruwa, alamar garin Bamingam, inda aka buɗe ofishin gwajin azurfa a 1773. Da kan damisa ne, to Landan ke nan. Kambin sarauta kuma na Shefild ne kafin 1975. Na uku harafi ɗaya ne tal, shi ke nuna shekarar da aka gwada kayan, don duk shekara canza shi ake yi. Na huɗu haruffa biyu ne, farkon sunan maƙerin ko kamfaninsa, kuma sai ya yi rajistarsu kafin ya buga. Yanzu jerin waɗannan alamomi yana intanet, da wayarki ma sai ki gwada.

Amma fa a kula! In kin ga an rubuta EPNS, riga ce kawai aka sa wa wani ƙarfe, yau da gobe sai ta koɗe. Kamar dai saurayin da ya zo zance da shaddar aro.

Munduwar kuwa babu ko ɗigon tambari, sai muka kai wa wani dattijo maƙerin fari. Ya juya ta, ya auna a tafin hannu, ya ce, "'Yata, wannan liyari aka narka, kada ki kuskura ki rabu da ita." Liyari tsohon kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, tun daga 1780 ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa. Maƙeranmu galibi ba sa buga suna, zanen hannunsu shi ne shaidarsu, dattawan sana'ar ne ke gane shi. Mu 'yan Gaya ma ai bai kamata mu raina ƙira ba, tunda tarihi ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a Dala, daga garinmu suka tashi.

Amarya dai ta tare da cokalinta da munduwarta, dillaliya har yau ba ta amsa gaisuwata. Don haka 'yar uwa, in an ba ki kayan kaka, ki goge, ki duba, ki tambayi masu sani, ki kuma tambayi tsohuwar labarinsu tun tana raye.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.