Ra'ayinmu: Haƙorin da ya bugu, a ba shi lokaci kafin a ɗaura masa waya

Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda babura da amalanke da shanu ke cakuɗuwa a hanyar kara. Faɗuwa daga babur, harbin dabba, ko karo a filin ƙwallo, haƙoran gaba na sama su ne kan fara shan wahala, musamman ga yaron da nasa suka turo waje. Bayan jini ya tsaya, kumburi ya saɓe, sai iyaye su dubi haƙorin da ya karkace su tambaya: yaushe za a sa wayar gyara?

Masu son a gaggauta suna da hujja. Mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya kai ɗansa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya kashe kuɗin mota, ya bar gona ko kasuwa, ba ya son a ce masa ya dawo bayan wata shida. Budurwar da aka sa wa rana ba ta son shiga ɗaki da karkataccen haƙori. A likitance ma akwai inda jinkiri ke cutarwa: haƙorin da bugu ya tura cikin dasashi wani lokaci da waya ake jawo shi cikin makonnin farko, kafin ya manne da ƙashi. Giɓin da aka bari ba kulawa kuwa, haƙoran gefe kan kwanto su cinye gurbin.

Sai dai waɗannan ba su ne akasari ba. Waya tana aiki ne ta hanyar matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke riƙe da shi yana narkewa ta gefe ɗaya, yana ginuwa ta ɗaya gefen. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai siririyar tsoka mai rai, ita ce bugu ke raunatawa. Idan aka matsa mata kafin ta warke, saiwar kan soma zaizayewa, ko jijiyar cikin haƙorin ta mutu ya yi baƙi. Manomi ya sani, ba a jijjiga dashe sai ya kama ƙasa. Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne sau da yawa ba ciwo, ba alama, sai hoton haƙori ne ke nuna ɓarnar.

Don haka likitocin wannan fanni suka saba jiran kamar wata 3 idan ɓallewar bakin haƙori ce ko girgiɗi kaɗan, wata 6 zuwa shekara idan haƙorin ya gusa sosai ko ya fita aka mayar, shekara 1 zuwa 2 idan saiwar ce ta karye. A kula, siririyar wayar da likita ke ɗaure haƙori mai girgiɗi da ita na mako 2 zuwa 4 ɗori ce kawai, ba ta ja ba ta turawa.

Inda gaggawa ta wajaba, a nan ne muke sanyin jiki. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 sun nuna cewa haƙorin babba da ya fita gaba ɗaya a riƙe shi ta kai, a ɗauraye, a mayar gurbinsa nan take. In hakan ya gagara, a tsoma shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ruwa kuwa sai in babu madarar, a nufi asibiti. Idan ya bushe fiye da minti 60, tsokar saiwar ta riga ta mutu. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba kuwa, ba a mayar da shi.

Matsayinmu shi ne: a ruga asibiti a sa'ar farko, a yi haƙuri da waya har likita ya ga hoto ya ce saiwa ta warke. Wayar ado da wasu ke liƙa wa 'yan mata a shaguna ba ta da gurbi a bakin da ya taɓa buguwa. Iyaye su faɗa wa likita duk wani tsohon rauni, ko na shekarun baya ne. Muna kuma kira ga Gwamnatin Jigawa ta tabbatar ana iya ɗaukar hoton haƙori da bibiyar masu rauni a Babban Asibitin Gumel, domin talakan kan iyaka ya iya cika wa'adin jiran ba tare da zaryar Dutse ko Kano ba.