Wakilinka Ya Buɗe Maka Littafinsa

A shekarar 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai, ya ce kowane sanata yana karɓar Naira miliyan 13.5 duk wata da sunan kuɗin tafiyar da ofis. A watan Agustan 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da yake samu duk wata ya kai miliyan 21, alhali hukumar RMAFC mai tsara albashin masu riƙe da muƙaman siyasa tana cewa albashi da alawus na sanata ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Wannan tazarar ce abin damuwa. Kuɗin talaka ne, don haka talaka yana da haƙƙin ganin rasit. Mu daina auna wakili da buhun shinkafar azumi ko keken ɗinkin da ya raba. Mu tambaye shi: zama nawa ka halarta? Ƙudiri nawa ka gabatar, kuma wanne ya zama doka? Wane ɓangare ka goya wa baya lokacin da aka kawo dokar haraji? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar nema a rubuce. Duk wanda ya ƙi amsawa, mu hana shi ƙuri'a.