Daga Ɗakin Karatu: Kada Mu Yi Gaggawar Jefar da Tsohuwar Kwamfuta

A wannan wata za mu yi magana a kan kwamfutocin nan na tebur da ke ofisoshin ekklesiya da makarantunmu a ƙasar Gwarzo da Kabo, da waɗanda iyaye suka sayar da hatsi suka saya domin yara. Yawancinsu na gwanjo ne, daga Kano aka kawo su, kuma Windows 10 ne a kansu.

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a 2015, ya kuma sa ranar 14 ga Oktoba 2025 ta zama ƙarshen gyaran tsaro da ya saba aika masa. Kwamfuta ba ta mutuwa saboda wannan. Amma ta zama kamar rumbun da aka daina yi wa yaɓe: yana tsaye, ɓera kuwa yana neman kafa. Magajinsa, Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana da sharuɗɗa. Yana bukatar wani ɗan abin tsaro da a ke kira TPM 2.0, kuma yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018 ba ya karɓarsu. To, irin waɗannan ne a hannunmu.

Mai gyara zai ce ya san dabarar cusa Windows 11 da ƙarfi, ko ya ɗora wanda ba a biya kuɗinsa ba. Na farko ba shi da tabbas. Na biyu kuwa, mu da mu ke koya wa yara su bar kayan wani, yaya za mu buga takardar sujadar Lahadi da kayan sata?

Akwai wata hanya, sunanta Linux. Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara shi a 1991, ya bar shi kyauta ga kowa. Daga cikinsa Ubuntu ya fito a 2004, ta hannun wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Wanda mu ke ba iyalai shawara su gwada shi ne Linux Mint, domin fuskarsa ta yi kama da wadda idonmu ya saba. Ba ya cin ƙarfin inji da yawa, kuma na 22 zai riƙa samun gyara har 2029. Yana zuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da ya ke wani lokaci jeri ya kan ɗan karkace.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ke cikin kwamfutar. Sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, littafin aure, lissafin baiko, sakamakon jarrabawar yara, kuɗin zumuntar mata. Sa'ad da a ke ɗora sabon tsari, sau da yawa a kan share dukan abin da ke ciki, kuma yaron da ke aikin ba zai tambaya ba sai ya gama. Saboda haka a kwashe kome a filash biyu, a buɗe su a wata kwamfuta a tabbata sun shiga, a ba magatakarda ɗaya, a ba fasto ɗaya. Littafin baftisma kam, a buga shi a takarda ma. Dattijo ɗaya ya zauna wurin har a gama.

Sa'an nan a gwada kafin a ɗora. Linux Mint ya kan tashi daga filash ba tare da ya taɓa Windows ba. A nan za a ga ko firinta tana bugawa, ko intanet yana kamawa, ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, gama ba ma so takardar sujada ta mai da ƙasa kasa. Ranar ɗorawa kuma kada a dogara ga wutar Nepa. A nemi janareta ko sola, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai a koma farko.

Ba kowa ne ya kamata ya sauya yanzu ba. Tun 2015 JAMB ke yin jarrabawarta duka a kan kwamfuta, kuma waɗansu manhajojin gwaji a kan Windows kaɗai su ke aiki. In akwai ɗa ko 'ya mai shirin zama bana, a bar masa injinsa yadda ya saba har ya gama, a dai rage shiga intanet da shi. Haka kuma kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba, wadda aikinta buga wasiƙu ne kawai, ba ta cikin gaggawa, muddin ba a soka mata filashin kowa da kowa.

Manhajar tana kusan gigabait 3, kuɗin data ba kaɗan ba ne. Ekklesiya ɗaya a Gwarzo ko Kabo ta sauke ta, filash ɗin nan ya zaga sauran. Lokacin hutun makaranta ya fi dacewa, gama malamai za su sami mako biyu ko uku su saba kafin yara su dawo.