Gwarzo da Kabo: Ina Kason Masu Buƙata Ta Musamman A Guraben Aiki?

A watan Janairun 2019 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu larurar nakasa. Dokar ta umarci hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kano ma ta yi tata dokar tun 2018.

Sai dai doka a takarda ba ta ɗaukar ma'aikaci. A ƙananan hukumomi irin Gwarzo da Kabo, aikin albashi bai wuce na sakatariya da asibiti da makarantu ba. Inda guraben suka yi kaɗan, mai uwa a gindin murhu ke riga kowa, gurgu da makaho da kurma kuma su ne na ƙarshe a layi. Al'umma ta saba ganinsu a matsayin masu karɓar sadaka, har ta naɗa musu sarakuna, amma ba ta saba ganinsu a kan teburin ofis ba.

Kano na da hujjar da ta rushe wannan tunani. Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shan inna ya nakasa tun yana yaro, ya jagoranci ƙungiyar waɗanda cutar ta shafa suka kafa wurin walda, suna ƙera kekunan guragu suna sayarwa. Da jihar ta dakatar da allurar shan inna a 2003, irinsu ne daga baya suka shiga unguwanni suna shawo kan iyaye.

Ga ɗan kasuwar Gwarzo, lissafin a bayyane yake. Riƙe littafin shago, gyaran waya, ɗinki da aikin POS duk ba sa buƙatar ƙafa, kuma wanda ya sha wuya kafin ya samu aiki ba ya wasa da shi.

Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙananan hukumomin biyu su fito da adadin masu nakasa da ke cikin ma'aikatansu. Da wannan adadi ne za a gane ko dokar ta iso yammacin Kano.