Kowa daga ƙwaya guda ya faro



Yau zancenmu a kan ginin jiki ne. Kamar yadda ake tada ɗaki da tubali, haka Allah ya gina jikinmu da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowa daga guda ɗaya ya faro, wadda ta samu lokacin da ƙwan uwa ya gamu da irin uba. Bayan kwana ɗaya ko sama da haka ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har a samu jariri da ido da farce.

Wannan rabuwa mun san irinta. Tun 1991 da CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, in ƙungiya ta cika ta yi yawa sai ta rabu biyu, kowace ta tafi da dokokinta da nata akwati. To haka ƙwayar ke yi. Sai ta ci ta girma, ta kwafe dokar da ke cikinta baki ɗaya, sannan ta tsage, kowace ɗiya ta ɗauki tata. Ƙungiyar da ba a zubi kuwa, me za ta raba?

Zubin ƙwaya shi ne abincin uwa. Wake, gujiya, ƙwai, zogale, hura da nono, hanta in ta samu. Ga kuma maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe da wani bitamin da ƙwaya ke bukata wajen kwafe dokarta. Jajayen ƙwayoyin jininmu kwana 120 suke yi su mutu, kullum jiki na ƙera sababbi, mai ciki kuma fiye da na kullum take ƙerawa.

Abin lura shi ne, tushen ƙwaƙwalwa da lakar baya yana haɗuwa cikin kwana 28 na farko, tun cikin bai fito ba. Mu kuma a nan Gazawa, da Agye, da Gidan Rumji, kunyar cikin fari kan sa yarinya ta ɓoye har wata biyar ko shida. Kunya ado ce, amma ginin da aka yi da ƙarancin tubali gyaransa da wuya, kuma aikin bai lafawa sai yaro ya cika shekara 2.

Don haka a taro mai zuwa mu tsaida magana. Duk wadda ta ga ɗiyarta ko surukarta ta yi ɓatan wata, ta ja ta gefe, ta raka ta likita cikin sirri. In kuɗin mota ne matsala, ai don irin wannan rana muka aje asusun taimako.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba.