Teburin mai shayi a gabashin Sakkwato: Tsakanin tsadar kaya da fargabar dare

A biranen Legas da Abuja ana samun gidajen shan gahawa da na cin abinci waɗanda ke rataye ayyukan masu zane a bangonsu domin sayarwa. Cibiyar Terra Kulture da ke Legas na daga cikin waɗanda suka yi suna wajen haɗa abinci da baje kolin fasaha.

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo kuwa, abin da ya fi kusa da wannan shi ne teburin mai shayi: benci biyu ko uku, da tukunyar ruwan zafi, da gwangwanayen madara da Bournvita da Nescafe, ga burodi da ƙwai da Indomie.

A nan ne manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa, da direbobi da 'yan kabu-kabu, ke haɗuwa bayan sallar Asuba da kuma bayan Isha'i. A nan ake sauraron rediyo, a ji farashin kasuwa, a tafka muhawarar siyasa.

Sai dai wannan majalisa ta talaka na cikin matsi ta fuska biyu.

Tsadar kaya

Akasarin abin da ke kan teburin na da alaƙa da canjin dala. Najeriya na shigo da mafi yawan ɗanyen sukarinta daga Brazil kafin a tace shi a cikin gida. Haka ma alkamar burodi da garin madara, yawancinsu daga ƙetare suke zuwa. Ganyen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba bai wadatar da ƙasar ba.

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, sannan a watan Yuni aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Dalar da a hukumance take kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a shekarar 2024, yayin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar wannan shekara.

Mai shayi ba ya iya ɗora wa masu saye dukkan wannan ƙari, domin yawancinsu maƙwabta ne, wasu ma bashi suke ci sai ranar kasuwa su biya. Abin da ya rage masa shi ne ya rage madara ko ya haƙura da riba.

Fargabar dare

Matsala ta biyu ita ce ta tsaro. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kai hari ƙauyen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah, abin da ya tilasta wa jama'a gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoban 2021 kuma an kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo.

Kafin wannan, a watan Satumban 2021, hukumomi sun katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar na wani lokaci, da nufin toshe wa maharan hanyar sadarwa.

Cinikin shayi na safiya ne da dare. A duk inda mutane ke shigewa gida da wuri saboda tsoro, kamar yadda ake fargaba a yankunan karkara irin su Boyekai, rabin cinikin ya tafi ke nan. Da shi kuma ake rasa wurin da jama'a ke musayar labarin hanyar da ke da lafiya da wadda ba ta da shi.

Ina matsayin masu sana'ar hannu?

Tambayar ita ce ko haɗa shayi da baje kolin kayan fasaha, kamar yadda ake yi a manyan birane, zai iya ƙara wa mai shayi kuɗin shiga.

Yankin ba ya rasa abin nunawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, har a Turai aka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta can ayarin fatake ke bi da ita. Akwai dukawa, da masu ɗinkin hula, da masu saƙar faifai da tabarma, da masu zayyanar allo. Irin wannan ado ya fi dacewa da al'ummar da ba ta cika sha'awar zanen abu mai rai ba.

Akwai kuma tarihi. A Wurno ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, kuma Rabah ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Wurare ne da ke iya jawo baƙi.

To amma akwai bambanci. Gidan gahawa na Legas yana sayar wa masu hannu da shuni ne da baƙi 'yan ƙasashen waje, kuma yana da gini mai ƙofa. Teburin mai shayi a bakin titi yake, cikin ƙura da hayaƙi, kuma wanda ke tunanin kuɗin rabin burodi da wuya ya taya jakar fata.

Inda tsarin ka iya aiki shi ne a tashoshin mota, da ranakun kasuwa, da kusa da wuraren ziyara. A can baduku zai iya ajiye ƙananan kaya kamar alabe da takalma, mai shayi ya karɓi la'adarsa idan an sayar. Hakan ba ya buƙatar jari, amana kawai yake buƙata, wadda dama a kanta sana'ar ke tafiya.

Sai dai duk wannan ya dogara ne ga zuwan baƙi, su kuma baƙi ba sa bin hanyar da ake tare matafiya. Muddin ba a samu kwanciyar hankali a hanyoyin gabashin jihar ba, babban burin mai shayi shi ne ya ga bencinsa ya cika bayan Isha'i.