Yadda ra'ayin masu karatu ke yanke wa jaruman Amurka hukunci

A duk ranar Laraba ne sababbin mujallun labaran zane na jarumai irin su Batman da Spider-Man ke isa shagunan Amurka, ciki har da Acme Comics na birnin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, wanda aka buɗe a 1983. Kafin rana ta faɗi, masu karatu sun rabu biyu, wasu na yabo, wasu na kushe.

Wannan muhawara tana da tasiri a kan aljihun mai shago. Yakan yi odar mujalla makonni kafin fitowarta, kuma galibi abin da ya yi kwantai ba a mayar wa kamfani. Saboda haka idan abokan cinikinsa suka juya wa wani labari baya, sai ya rage oda. Idan shaguna da dama suka bi sahu, kamfanin kan dakatar da labarin.

Yabo ma yana aikinsa. A watan Oktoban 2024 kamfanin DC ya fitar da Absolute Batman, inda aka raba jarumin da dukiyar gado, aka mayar da shi injiniya ɗan talakawa. Masu karatu suka yi rububinsa, har aka sake buga fitowar farko sau da dama.

Sai dai kasuwar ta girgiza a Janairun 2025, lokacin da Diamond, wanda ya daɗe yana rarraba mujallun, ya bayyana karayar arziki. A irin wannan yanayi, ƙaramin shagon da ya yi kuskuren fahimtar masu karatunsa shi zai fara ɗanɗana asara.